Baƙon da Ya Maƙale a Jikin Turai

Da magaribar wata Laraba, a shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, Inna Hajo tana kwashe tuwo a tsakar gidanta da ke Madabo, sai dutse ya faɗo cikin tukunyar miya. Ta ɗaga kai. Babu kowa a kan katanga. Wani dutsen ya sauka a bakin ɗakin da 'yarta Turai ke kwance.

Da can Turai ce gwanar ɗinkin hula a layinsu. Sai yatsunta suka fara yin fari fat in ta taɓa ruwan randa, su koma shuɗi, su yi ta zogi. Daga nan fatarta ta ɗame, ta bushe kamar ƙirgi. Yatsun suka lanƙwashe, allura ta gagare ta. Baki ya tsuke har loma ba ta shiga, sai kunu a cokali. Da yawon magani ya ishi mijinta, ya kawo ta gida jinya.

Tun daga ranar, kowace magariba sai an yi jifa. In jifan ya lafa, Inna Hajo ta ji muryar namiji tana gurnani a ɗakin, mai nauyi, kamar daga ƙasan rijiya. Maƙwabta suka ɗauke ƙafa. Ita kuwa ba ta da inda za ta, ba ta da wanda za ta bar wa 'yar.

Ta aika wa Malam Ari, tsohon mahaddacin nan ɗan asalin Barno. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a bakin tabarma yana karatu har rana ta faɗi. Turai ta sandare. Ɗan tsukakken bakin ya motsa, muryar namijin nan ta fito.

"Malam, ka daina ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Baƙo. Ratse na yi."

"To sake wa baiwar Allah fatarta, ka fita."

"Ba ni na ɗaure ta ba. Na shigo na tarar jikin yana yaƙar kansa. Kafin in ankara fatar ta rufe da ni. Masu jifan nan 'yan'uwana ne, kirana suke."

"Me kake so?"

"Hanya. A shafa mata mai mai ɗumi a ɗan yatsan ƙafa, ka sassauta karatun. Na rantse ba zan dawo ba."

Inna Hajo ta kasa daurewa. "In ka fita, za ta warke?"

Bakin Turai ya sake motsawa.

"Hajo, ba na tafiya da abin da ba ni na kawo ba."

Inna Hajo ta shafa man. Turai ta yi atishawa, jikinta ya saki, labulen ƙofa ya ɗaga ya koma.

"Nawa aikin ya ƙare, Hajiya," in ji Malam Ari. "Saura na likita."

Jifa ya tsaya. A asibiti likita ya murza fatar, ya ce ciwo ne da ba kasafai ake ganinsa ba, garkuwar jiki ce ta juya wa mai ita. Magani zai rage masa gudu, amma fatar ba za ta koma yadda take ba.

Da suka dawo gida Inna Hajo ta dama kunu, ta kai cokali bakin 'yarta. Turai ta kau da kai, hawaye na bin kuncin da ba ya iya motsi.

"Inna, da kun bar shi," ta ce. "Ko ba komai, shi kaɗai ya san yadda cikin nan yake."