Tabon Salansa

"Ba za ki je ba!"

"Zan je!"

"Zaituni, don girman Allah ki saurare ni..."

"Kai za ka saurare ni, Twaha! Da bakinka ka ce musu ba ka san ni ba? Ni?"

Twaha ya sunkuyar da kai. Yana zaune a kan bencin tashar 'yan boda, wato masu acaɓa, ta unguwar Nyendo a Masaka, hannunsa na hagu a ɗaure a rataye da wuya. Abokan sana'arsa duk sun duƙufa goge baburansu, wai su ba sa jin komai, alhali kunnuwan nan a miƙe suke.

Wata guda ke nan da motar ayaba ta kwashe su, shi da Zaituni, a hanyar Kyotera. Babur ɗin da Twaha ke ci da mahaifiyarsa da shi ya zama tarkace. Shi kaɗai ne a tashar ya yanki babbar inshora, wadda ke biyan babur ɗin kansa, har ana yi masa dariya ana kiransa Bature. To ga ranarta ta zo, sai direban motar ya rantse cewa mutum uku Twaha ya goyo. Kamfani kuwa suka ce fasinja ɗaya yarjejeniyarsu ta sani, ko dai a kawo matar da aka gani ta ba da shaida, ko a rufe maganar.

Shi kuma gogan naka ya ce wata fasinja ce kawai, bai san inda ta yi ba.

"Sunanki nake karewa, masoyiyata," ya faɗa a hankali. "Kin manta abin da Hajji ya ce?"

Ina za ta manta! Mahaifinta, Hajji Ssemakula mai sayen kofi, a gaban kowa ya ce ranar da ya sake jin sunanta haɗe da na ɗan boda, ta nemi wani uban.

"To ka kare sunana, ita kuma Mama ta ci me? Sunan nawa za ka dafa mata?"

Wani daga cikin 'yan boda ya ƙyalƙyale da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari.

"Gara in rasa babur da in raba ki da gidanku..."

"Ni kuma gara a kore ni da in zauna ina kallo ana mayar da kai maƙaryaci. Gobe ka jira ni a ƙofar ofishinsu!"

Ta juya ta tafi. Tana iya ƙoƙarinta ta ɓoye ɗingishin, amma zuciyarta ta fi ƙafar ciwo, don tana son mahaifinta kamar ranta.

A gida ta tarar da Gwaggo Mastula, ƙanwar Hajji, tana feraye matoke, ayabar dafawa, a tsakar gida. Matar da ko a ɗaki take idonta na bakin ƙofa. Tun rasuwar mahaifiyar Zaituni ita ce uwa, ita ce alƙali, kuma a al'ada duk mai neman auren yarinya ta ƙofarta zai fara bi.

"Zo nan."

"Gwaggo, zan ɗora ruwa..."

"Na ce zo nan! Wata guda kina tafiya kamar agwagwa. Ɗaga zanen."

Zaituni ta ɗaga. Ga shi nan a cikin ƙwaurinta na dama, ƙuna mai faɗin tafin hannu, ta fara warkewa.

"Murhu ne, Gwaggo. Gawayi ya..."

"Rufe min baki! Murhun gidan nan salansa gare shi?"

Zaituni ta saki zanen. Babu macen da ba ta san wannan ba a Masaka. 'Yar mutunci idan ta hau boda a kaikaice take zama, ƙafafu biyu a haɗe ta hagu, hannu a ƙarfen baya. Salansa kuwa ta dama take. Ba ta ƙona mace sai wadda ta raba ƙafa ta rungume mai tuƙi, kuma mace ba ta yi wa ɗan boda irin wannan zaman sai in nata ne.

"Shi ne ko?" Gwaggo ta tambaya.

"Shi ne."

"Ke ce matar da ake nema a maganar inshorar nan?"

"Ni ce. Kuma gobe zan je."

Gwaggo ta dangwarar da wuƙar. "Kin haukace? Ofishin nan ɗan limaminmu ne mai gadinsa! Kafin ki fito labari ya riga ki zuwa shagon ubanki. Ki rufe ƙafarki ki rufe bakinki, tabo ya warke, magana ta mutu."

"Shi kuma ya mutu da yunwa?"

"Ke kika haife shi?"

"Ina son sa, Gwaggo!" Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Da motar nan ta taho, juya babur ɗin ya yi don ta same shi ta bar ni. Hannunsa ya karye saboda ni. Yau kuma ya yarda a kira shi maƙaryaci saboda ni. Wallahi ko Baba zai watso min kayana titi sai na je!"

Gwaggo ta daɗe tana kallon ta. Sai ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da firar ayaba.

Washegari Zaituni ta tarar da Twaha a ƙofar ofishin, fuskarsa duk ta faɗa.

"Har yanzu za ki iya komawa, zuciyata..."

"Matsa min in wuce."

Ma'aikacin inshorar wani siriri ne mai tabarau, irin mutanen da suka ji ƙarya har ta ishe su. Ya saurare ta yana kaɗa biro.

"'Yan mata, ba ke ce ta farko ba. Kowane ɗan boda yana da wadda za ta rantse masa. Shi da bakinsa ya ce bai san fasinjar ba. 'Yan sanda kuma abin da suka ji kawai, wata mata ta ja ƙafar dama daga ƙarƙashin babur ta sulale. Me zai nuna min ke ce?"

Kafin ta amsa aka turo ƙofa. Gwaggo Mastula ce, cikin gomesinta, doguwar rigarta ta zuwa biki, kafaɗun nan a tsaye. Ta nemi kujera ta zauna ba tare da an ba ta ba.

Zaituni ta waiga. Ga Gwaggo, ga mai gadi yana leƙe ta taga. Ta san abin da za ta yi yanzu ba ya gyaruwa.

Ta ɗora ƙafarta a kan kujera ta janye zanen.

"Ga shaidata! Ni ce a bayansa, ni kaɗai. Ba a kaikaice na zauna ba, rungume shi na yi, don shi zan aura. Ka rubuta sunana da kyau: Zaituni, 'yar Hajji Ssemakula!"

"Zaituni..." Muryar Twaha ta karye.

Ma'aikacin ya gyara tabarau ya dubi tabon, ya dubi Twaha, ya ja takarda gabansa.

"Malam, da ka kawo ta tun farko da yanzu kana kan sabon babur. Fara daga farko, 'yan mata, a hankali."

Da suka fito mai gadi ba ya wurin, kuma kowa ya san inda ya nufa. Zaituni ta tsaya a gaban Gwaggo.

"Ki yafe ni, Gwaggo. Na san na rasa gida..."

"Wa ya ce miki?"

Gwaggo ta waiga hagu da dama, ta ja su bayan wata mota. Ta kama gefen gomesinta ta ɗaga kaɗan. A cikin ƙwaurinta na dama akwai wani tsohon tabo, ya yi fari, ya yi sumul.

Zaituni ta dafe baki. "Gwaggo!"

"Marigayi kawunki, mijina, da babur yake yawon sayen kofi," ta faɗa, idonta ya ciko. "Ni ɓoye nawa na yi, har ya koma ga Allah ina ce wa mutane murhu ne. Ubanki kaɗai ya sani, don shi ya riƙa sato min magani."

Ta saki gomesin ta juya ga Twaha, ta haɗe fuska kamar ba ita ba.

"Kai kuma, mai karyayyen hannu, ka daina kuka a titi. Ka tattaro manyanka ku zo gidana yadda ake yi."

"Hajji fa, Gwaggo?"

"Yayana ne, ka bar ni da shi." Ta ɗaga hannu ta tsayar da wani ɗan boda. Ta hau a kaikaice, ƙafafu a haɗe, ta dubi Zaituni ta ce, "Ke kuma biyo ni a wani. Yau tare za mu shiga shagon nan."