Baƙon Ɗakin Sanyi

Ku matso. Hanne, kife wayar nan. Sau ɗaya zan faɗa.

Shekara goma sha tara na yi ina kula da janareta da na'urorin sanyi a wata cibiyar bincike. Ba zan faɗi sunanta ba. A ƙasan ginin akwai ɗaki marar taga. Manyan kwamfutoci ne a ciki, a jere, suna gurnani ba hutu. Ba na mutum ɗaya ba ne. Kowa ya tura aikinsa, aikin ya bi layi, in an zo kansa a yi masa. A gefe akwai tebura huɗu na masu jira.

A nan na san Saude. Ɗalibar digiri na uku ce, tana lissafin ruwan sama da yabanyar gero. Shekara uku tana kan abu ɗaya. Sau ɗaya lissafin ya fito mata da kyau, ta kai wa malaminta. Ya ce ta sake. Ta sake, ya fito daban. Ta kuma, wani daban. Da hannu take komai, yau ta gyara nan, gobe ta manta ta gyara. Malamin ya ce ta rubuta matakan duka a takardar umarni guda, yadda na'ura za ta yi da kanta, ko wa ya danna amsa ɗaya ta fito. Ya ba ta zuwa Litinin bayan Sallah. In ta kasa, shekara ukun sun tafi a banza.

Da hutun Sallah kowa ya watse. Ni ba inda zan je, a shekarar matata ta rasu. Sai ni, sai Saude, sai gurnanin nan.

Washegarin Sallah da hantsi na goge ƙasan ɗakin da ruwa, na fita duba mai. Da rana ta take na dawo. Na tarar da mutum zaune kusa da ita. Siriri, cikin tsohuwar farar riga. Makullin ƙofar waje yana aljihuna. Ba wanda ya wuce ta gabana.

"Sannu, Malam," na ce.

Bakinsa ya motsa. Sai da ya rufe shi sannan na ji "Yauwa."

"Baba, Allah ne ya kawo min shi," in ji Saude. "Ya san abin nan kamar shi ya ƙera."

Ya sani kuwa. Ina tsaye ina ji.

"Rubuta bayanan da kika ɗauka, da na wace rana ne. Rubuta lambar da ake farawa da ita, kada na'ura ta zaɓa miki. Kada ki bar komai a kanki."

Ta rubuta, ta tura. Aikin ya bi layi, amsa ta fito. Ta sake turawa. Amsar ɗaya. Ta dafe ƙirji tana hamdala.

Ya nuna ƙasan takardar da yatsa. "Wannan na ƙarshen fa?"

"Shi ke cewa in ya yi sau uku ya tsaya."

"Goge shi. In ya gama, ya sake tura kansa layi. Sau uku ai ba tabbaci ba ne."

Ta goge.

Da azahar na kawo mata ruwa a kofi. "Malama, an kira salla."

Ta gyara mayafi a kafaɗar hagu, ta yi tari sau ɗaya. "Baba, saura kaɗan. Bari ya fito sau ɗaya."

Da la'asar na koma. Ruwan yana nan, ba a taɓa ba. Kafin in buɗe baki, ta gyara mayafi a kafaɗar hagu. Ta yi tari sau ɗaya.

"Baba, saura kaɗan. Bari ya fito sau ɗaya."

Ba ni take kallo ba. Inda na tsaya da azahar take kallo. Amsa ta sake fitowa a gilashin kwamfutarta, ta sake faɗar maganar. Na ƙirga sau shida.

Na dubi ƙasa. Tun hantsi na goge, har lokacin bai bushe ba. Akwai sawu, ba takalmi. Ba daga ƙofa ya fito ba. Daga tsakanin kwamfutocin ya fito zuwa kujera, amma yatsun suna kallon baya. Na leƙa ƙarƙashin teburin. Dugadugansa ne a gaba.

Na fara Ayatul Kursiyyu a zuci. Na tuna babban makunnin wuta yana bayan ƙofa. Amma aikin mutum arba'in ne a layin nan, na wasu wata biyu yana tafiya. Amana aka bar mini. Ban taɓa makunnin ba.

Na shiga tsakaninta da gilashin.

"Saude."

Ban taɓa kiran sunanta ba sai ranar.

"'Yata, aji uku na yi a firamare. Ban san abin da kike rubutawa ba. Amma ban taɓa tada inji ba sai na san inda ake kashe shi. Naki ina ake kashewa?"

Ta ƙifta ido.

Bakin mutumin ya motsa. Muryar ta biyo baya, ta fito daga can cikin gurnanin. "Bar ta, dattijo. Kowa in ya gama tafiya yake."

"Kai tun yaushe kake nan?"

"Ban gama ba."

"'Yata, mayar da abin da kika goge."

Ta cire aikin daga layi. Ta mayar da umarnin tsayawa, ta tura. Ɗaya. Biyu. Uku. Ya tsaya.

Kujerar ba kowa. Ƙasa ta bushe ƙarau.

"Baba, an yi azahar?"

"Magariba ake kira. Ɗauki jakarki."

Ranar Litinin malaminta ya danna da hannunsa a ofishinsa. Amsar ɗaya. Ta ci. Takardar da baƙon ya koya mata kuwa, har na bar aiki ɗalibai suna kwafarta. Ta zo sallama da ƙullin goro, ta tsaya a bakin matakala, ta ƙi sauka. Ban sake ganinta ba.

Na ƙara shekara bakwai a wurin. A ƙasan layin ayyukan akwai wani aiki marar suna. Injiniyoyi sun sha goge shi, washegari ya dawo. Ranakun hutu, da tsakar rana, nakan ji an ja kujera. Ba jan kujerar ya fi ba ni tsoro ba. Akwai ranar da na tsinci kaina a ƙofar, riƙe da kofi biyu na shayi. Ni ma ba wanda ke jirana a gida.

Na zubar da ɗaya, na hau sama.

Ku da kuke karatun na'ura, ku ji. Kada ɗayanku ya zauna shi kaɗai a irin ɗakin nan ranar da gini ya watse. Kuma duk abin da za ku tayar, ku fara rubuta inda zai tsaya.

Hanne, ɗauke tabarmar. Ku shiga ciki.