Barcin Mahamat a Mayanka

Dela ta kwashe tuwo, ta kai wa mijinta ƙarƙashin rumfa, ta koma ɗaki ɗebo masa ruwan sha. Kafin ta dawo, Mahamat ya jingina da ginshiƙi, loma a hannu, miya na ɗiga a gwiwarsa, barci ya kwashe shi. Rana tsaka ce, ko azahar ba a kira ba.

Ta tsuguna, ta zare lomar daga hannunsa, ta goge masa yatsu da gefen zaninta, sannan ta taɓa kafaɗarsa.

"Malam, tashi. Tuwon zai huce."

Ya buɗe ido da ƙyar, ya dube ta, ya dubi akushin. "Na sake yi ko, Dela?"

"Gyangyaɗi ne kawai," in ji ta. Ƙarya ta yi, kuma ba ta farko ba ce.

A lokacin Jamusawa sun kai shekara goma da kafa barikinsu a Garwa. Mahamat baƙo ne, daga Kusiri ya zo, ba dangin uwa ba na uba, sai ɗan karatun da ya samu da kyawun hali. Mahautan gari suka ɗauke shi yana yi musu yanka. A nan Dela ta gan shi, ran da ta kai wa mahaifinta fura. Mahaifin nata, Hamadu, babban mahauci ne, mutum mai faɗa ɗaya, kuma bai so haɗin ba ko kaɗan. Shekara guda cur Dela ta yi tana rama don son Mahamat, har ya gaji ya ce a ɗaura. Amma a zuciyarsa yana jiran ranar da yaron zai nuna halinsa.

Bara, don ya gwada surukin nasa, Hamadu ya haɗa shi da masu korar shanu zuwa kudu, can gaba da Ngawundere, inda kurmi ya rufe sama, ƙudan tsando kuma yana cizo ta cikin riga. Mahamat ya dawo lafiya, har da tsarabar zani. Bayan 'yan makonni sai zazzaɓi, ya zo ya tafi, ya zo ya tafi. Sai ciwon kai. Daga nan barcinsa ya juye, dare ya ƙi shi, rana ta kama shi. Mutumin da ba ya ɗaga murya ya fara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, in ya huce kuma ya zauna yana neman gafara.

Dela ta ga wannan duka. To, da ta gani me ta yi? Ta rufe. Ni dai ban ga laifinta sosai ba, don tsoro ne ya sa ta, amma rufewar ta yi. Kullum da safe takan cusa masa goro uku a aljihu don ido ya tsaya. In maƙwabta sun tambaya, sai ta ce ai Malam karatun dare yake yi, shi ya sa. Ta karɓo rubutu, ta yi hayaƙi, ta dafa saiwoyin da aka ce mata. Abu guda ne ta ƙi yi, wato ta buɗe baki ta ce wa wani mijinta ba shi da lafiya. Ta san da zarar maganar ta kai kunnen babanta, cewa zai yi dama ya faɗa, rago ne. Ita a ganinta wannan shi ne haƙurin aure.

Ranar wata Juma'a asirin ya tonu. An kayar da wani ƙaton sa na Hamadu a mayanka, an ɗaure, mutane sun danne. Mahamat ya yi bisimilla ya ɗora wuƙa, ya ja sau ɗaya, bai kai ga yanke jijiyoyin ba sai hannunsa ya saki. Kansa ya sunkuya, wuƙar ta faɗi cikin jini. Kafin mutane su gane abin da ke faruwa, san ya fizge ya yi ta shure-shure, aka daɗe ana kokawa da shi, har ya mutu ba a ƙarasa yankan ba. Aka kira malami ya duba, ya girgiza kai ya ce mushe ne, ba mai ci. A gaban kasuwa duka aka ja shi zuwa bayan gari.

Dela tana tankaɗe aka shigo mata da mijinta, riga duk jini, yana tafiya kamar wanda ya sha wani abu. A bayansa babanta ne, ko sallama bai yi ba.

"Tashi ki tattara kayanki," in ji Hamadu. "Shekara arba'in ina fawa, ba a taɓa jan mushe daga gabana ba sai yau. Na ba wa rago 'yata, ya saka mini da wannan."

"Baba, don Allah ka saurare ni…"

"Ba da ke nake ba. Kai kuma Mahamat, kafin faɗuwar rana ina son takardar sakinta."

Ya fita, ya bar gidan tsit. Mahamat ya zauna a ƙasa. Da ya yi magana, muryarsa a sanyaye take. Ya ce Baba ya yi gaskiya, shi bai san abin da ya same shi ba, kuma ba zai zauna yana jawo mata abin kunya ba. Ya roƙe ta ta miƙo masa tawada da alƙalami. Dela ta ɗauki kurtun tawadar ta tuttular a ƙasa, ta faɗi kusa da shi tana kuka, kukan da ta yi wata bakwai tana haɗiyewa.

A haka Gwaggo Habsatu ta same su. Yayar Hamadu ce, tsohuwa mai kaifin baki, wadda ta yi shekaru a ƙasar kurmi tare da marigayi mijinta suna fataucin goro. An aiko ta ne ta taya Dela ɗaure kaya. Ta tsaya tana kallon Mahamat, wanda tuni ya sake yin barci a zaune, hawaye bai ma bushe a fuskarsa ba. Ta ajiye sandarta, ta matso, ta sa yatsu tana lalubar bayan wuyansa. Ta kama hannun Dela ta ɗora a wurin. Ƙananan ƙulluttai ne a jere a ƙarƙashin fata, kamar 'ya'yan kurna.

"Tun yaushe kika san da waɗannan?"

Dela ta sunkuyar da kai. Ta daɗe da jin su, in tana shafa masa mai.

"Ke 'yar nan, kin kusa kashe mijinki da so," in ji Gwaggo. "Wannan ciwon barci ne. Na gan shi a kudu, na ga ƙarshensa. Rago in an kira shi ga tuwo tashi yake. Wanda barci ya ɗauka da loma a hannu, wannan mara lafiya ne."

Ta ce addu'a ba za a fasa ba, amma a yau sai an kai shi wurin likitan bariki. Dela ta ce tana tsoro, don kowa a gari na cewa wanda ya shiga can ba ya fita da wuri, kuma allurarsu takan tafi da ido. Gwaggo ba ta ɓoye mata ba, ta ce akan yi hakan, amma in an bar shi a gida, damina mai zuwa ba da shi za a yi ta ba. Suka aro jaki suka ɗora shi, Dela na riƙe da shi ta gefe guda don kada ya faɗo. Sai da suka bi ta ƙofar gidan Hamadu. Yana zaune a waje, ya gan su, ya kau da kai.

Likitan, wani Bajamushe, ya taɓa wuyan, ya soka allura ya ɗebi ruwa, ya daɗe yana leƙa shi ta wani madubi. Daga nan tafinta ya tambayi Dela tun yaushe abin ya fara. Bakinta ya so ya ce kwanan nan, don ya saba. Ta dubi mijinta, ta ce wata bakwai. Likitan ya ajiye alƙalaminsa ya dube ta, ya yi magana a hankali. Tafinta ya ce da tun lokacin zazzaɓin aka kawo shi, da allura kaɗan ta isa. Yanzu sai mai yawa, kuma ba a yi mata alkawarin komai ba.

Wata huɗu Mahamat ya yi a can. Kullum Dela na kai masa kunu da tuwo, ta zauna a bakin shinge har a kore ta. Gidan ubanta an rufe mata ƙofa, sai ta koma daka da wankau don su ci. A wata na uku barcin ya fara sakinsa, ya ci abinci har ya ƙare, ya yi mata hira. A cikin watan ne kuma ya ce mata ta matso kusa, fuskarta tana yi masa hazo.

Ana haka labari ya zo daga ƙauyen Ngong. Ɗaya daga cikin masu korar shanun da suka je kudu tare da Mahamat ya rasu. Ƙato ne da Hamadu ya sani tun yana yaro, mai kayar da sa shi kaɗai, kuma shi ma barci ne ya yi ta cinsa, danginsa na zaginsa da lalaci, har ran da aka tashe shi bai tashi ba. Hamadu ya kwana uku bai fita kasuwa ba. Shi ya aike su, ya kuma san haka.

Ran da aka sallami Mahamat, Dela ta riƙo hannunsa suka fito. Ya warke, amma ba ya ganin komai sai haske da inuwa. A bakin ƙofar bariki wani mutum na tsaye da hula a hannu. Dela ta tsaya cak.

"Wane ne?" in ji Mahamat.

Hamadu ne. Sai ya matso ya karɓi hannun daga wurin 'yarsa, ya ɗora a kafaɗarsa.

"Ni ne, ɗana. Ni na tura ka, ni kuma na zage ka. Ka yafe mini."

"Ban riƙe ka ba, Baba," in ji Mahamat. Dela ta ce ita ce ya kamata ta roƙi gafara, don ita ta ɓoye. Ya juyo inda ya ji muryarta ya ce mata da ba don ita ba, da yanzu ana ta'aziyyarsa.

Mahamat bai sake riƙe wuƙa ba. Hamadu ya gina masa zaure, shi kuma ya koma koyar da karatun da ke kansa, suka yi shekara talatin da Dela, da 'ya'ya biyar da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Haƙurinta ya riƙe mata aurenta da ran mijinta, ɓoyewarta kuma ta ci idonsa, kuma har ta tsufa ba ta daina faɗa wa 'yan mata haka ba. Duk wanda kika ga dare ya ƙi shi, rana ta kayar da shi mako bayan mako, ko barci ya kama shi yana tsakiyar aiki, ko halinsa ya sauya, kada ki kira shi rago, kada kuma ki rufa masa asiri. Ki kai shi wurin masu sanin ciwo tun yana ganinki.