Kunyar Ɗan Fari

A ɗakin ajiyar gawayi Adda Jumma ta kulle Hadijatu, ruwan nono na jiƙa mata riga, tana jiyo kukan jaririnta ta bayan bango. Wayyo, marainiyar Allah! Da iyayenta na raye, da tana garinsu Kwadon tana wankan jego ana dama mata kunun kanwa, amma sai ta haihu a hannun yayar miji a unguwar Kumbiya-Kumbiya, mijin kuwa, Hamman, ya bi motar auduga Legas, a shekarun nan da naira ke sabuwa kowa na gudun nema.

Tun bayan suna wani baƙin ciki mara dalili ya sauko mata. Ba ci, ba barci, sai hawaye. Adda Jumma, wadda tun ranar haihuwa ta ƙwallafa rai a kan riƙon yaron, ta samu abin da take so. Ta bi gida-gida tana shelar amarya ta haukace, ta ɗauke jariri tana ɗura masa madarar gwangwani.

"Adda, ki ba ni shi ya sha, ko sau ɗaya..." in ji Hadijatu ta kafar ƙofa.

"Ki shayar da shi hauka? Allah Ya kiyaye."

Hadijatu ta kifa kai a kan buhu. "Ya Allah, Kai ne gatana."

Da Hamman ya dawo ya tarar da matarsa baƙa ƙirin da gawayi, bai ko cire takalmi ba ya ɗauke ta sai asibiti. Adda ta sha ɗaurin ɗankwali ta bi su da yaron a baya. Da ta ji sunan likitan Matiyu, sai ta ƙudurta baƙo ne, za ta juya shi yadda take so.

"Likita, hauka ce tuburan. Ba ta kiran sunan yaron. In mutane na nan, ko kallonsa ba ta yi."

Likita Matiyu, mutumin Kaltungo da ya girma cikin Fulani, ya gyara tabarau. "Hajiya, ke kina da 'ya'ya?"

"Shida."

"Madalla. Yaya sunan na farin?"

Adda ta ja gyale ta kare fuska. Shekara talatin ba ta taɓa furta sunan nan ba, yau kuma a gaban ƙaninta?

"To, a kawo gado biyu ke nan," in ji likita.

Hamman ya tuntsire da dariya, har Hadijatu sai da ta murmusa, karo na farko tun ranar suna.

Likita ya daɗe yana yi wa Hadijatu tambayoyi a tsanake, sannan ya ce, "Malam Hamman, ciwon ƙwaƙwalwa iri-iri ne, ba a tara shi a kira shi hauka. Akwai mai jin muryoyi, akwai mai fargaba, akwai mai baƙin ciki. Nata damuwa ce da kan kama mai jego, kuma tana warkewa da magani da kulawa. Kunyar ɗan fari kuwa tarbiyya ce. Raba ta da yaron ne ya ƙara mata ciwo."

A ranar Hamman ya sa Adda ta tattara ƙullin kayanta ta koma gidanta a Bolari. Labari kuwa ya riga ta isa, har yau in ta shiga gidan biki sai wata ta ce, "Adda, ina babban ɗanki, wa ma yake da suna?"

Amma kafin su bar asibitin, sai da aka kwance yaron daga bayanta aka miƙa wa uwarsa. Hadijatu ta juya fuska ga bango, kamar yadda ya kamaci uwar ɗan fari, hawaye na zuba. Hannuwanta dai ba su san kunya ba. Suka ƙanƙame shi, ya lalubi nono, ya yi shiru.