Ɗakin da Littafi Ya Rufe

A shekarar da masu tattaki suka rabu gida biyu a kan wani littafi ne Shinpei Kurahashi ya fara ganin Chizuru Tamai, a bakin hanyar ziyara ta tsibirin Shikoku, mai wuraren ibada tamanin da takwas. Ta miƙa masa lemu biyu, bisa tsohuwar al'adar tsibirin ga mai tafiya a ƙasa. Ya karɓa, sandar tattakinsa a ɗaya hannun, ya manta da godiya, ya tsaya kallonta.

"Mai sanda, lemun na ba ka, ba fuskata ba," in ji ta, tana dariya.

Tun daga ranar sunan ya bi shi, soyayya ta ƙullu.

Game da littafin kuwa, wasu sun ce ya dawo da matasa kan hanya, wasu sun ce ya tona mata asiri. Marubucin ya ɓoye sunansa, kuma Shinpei ne. A babi na tara ya kwatanta ɗakin wani dattijo da ya shekara talatin da ɗaya yana saukar da matafiya kyauta, har da launin ƙofar. Sai masu motoci suka riƙa fakawa a bayan gari, su sayi sanda kamar masu tattaki, su zo kwana da ɗaukar hoto. Dattijon ya gaji, ya garƙame ɗakin.

Sai a wata na huɗu da fara soyayyarsu Shinpei ya gane cewa wannan dattijo, Genzo, shi ne mahaifin Chizuru. Abinci ya daina yi masa daɗi.

Saƙonta ya shigo: "Mai sanda, Baba ya ce ka zo ranar Lahadi. Kada ka ambaci littafin nan, jininsa hawa yake."

Ya rubuta ya goge sau uku, sannan ya aika: "Chizu tawa, ni na rubuta shi. Kunya ta hana ni faɗa miki."

Bayan kwana biyu ta amsa: "Ka zo ka faɗa masa da bakinka. Zan jira ka a ƙofa."

Da ya je, ya durƙusa gaban Genzo, goshinsa a tabarma.

"Na tuna ka," in ji dattijon. "Ruwa ya yi maka dukan tsiya. Da hannuna na wanke gindin sandarka kamar yadda ake yi wa baƙo, na ba ka shinkafa. Ka tambaye ni kafin ka kai ni kasuwa?"

"Ban tambaya ba, Baba."

"To ni ma kada ka tambaye ni 'yata."

Shinpei ya cire babin daga bugu na gaba, ya nemi gafara da sunansa na gaskiya. Masoyan littafin suka kira shi matsoraci, masu adawa suka ce ya makara. Duk Asabar sai ya tsaya a mararrabar ƙauyen, kansa a sunkuye, yana ba masu motoci haƙuri su wuce.

A mako na goma sha ɗaya Genzo ya fito, ya tsaya kusa da shi.

"Kai wawa, makon jiya ka kori matafiyi na gaske. Ba fuska ake dubawa ba. Dubi gindin sanda, in ya cinye, mai ita ya taka ƙasa."

"Koya mini, Baba."

"Sai ka zama ɗan gida tukuna. Ba na koya wa marubuta."

A watan Nuwamba aka ɗaura auren. Genzo ya danƙa wa ango mabuɗin ɗakin, ya dafa kafaɗar 'yarsa.

"Ku zauna lafiya, ku tsufa tare. Kai kuma, ka share ɗakin nan kafin gobe. Akwai baƙi a hanya."