Igiyar Saniya a Hanyar Alto

Hantsi ya yi, amma gajimare bai gama tashi daga rufin tsohon cocin Sisbatá ba, lokacin da wani dattijo ya shigo caji ofis yana tura keke.

"Abokina ya mutu," ya ce. "Yana can kwance a hanyar Alto."

Insifekta Ovidio Tibaduiza ya juyo daga bakin taga. Mutum ne mai yawan kallon duwatsu, har mutanen gari na tsokanarsa wai gwamnati na biyansa albashi ne don ya yi gadin gajimare. Sai dai ba a taɓa jin ya manta abin da idonsa ya gani ba.

Dattijon ya ce sunansa Belisario Moncada. Shi da mamacin, Arcadio Fonseca, tsofaffin 'yan tseren keke ne. Duk shekara sukan ɗaura jaka a bayan keke su bi ƙauyukan Boyacá ɗaya bayan ɗaya, su kwana inda dare ya yi musu. Da sassafe suka bar masauki, suka hau har ƙololuwar dutsen da muke kira Alto, suka tarar ba a ganin gaba, sai suka juyo.

"Arcadio ne a gaba, kamar kullum," in ji shi. "Yana gangarowa a guje. An ɗaure saniya, igiyar ta gicciye hanya. Bai gan ta ba."

Motar 'yan sanda ta riƙa hawa a hankali. Gonakin dankali sun yi fure, tumaki na fitowa daga cikin gajimare suna komawa, ƙarar ƙararrawar coci na biyo su daga ƙasa kamar daga wata duniya. A wata kwana Kofur Pulido, da ke tuƙa motar, ya taka birki.

Gawar na ƙasan hanya tsakanin duwatsu, kan ya fashe ta gefe, keken na kwance kusa. Igiya ta ratsa hanyar daga wannan gefe zuwa wancan. Turke na ɓangaren tudu, saniya kuwa na ɓangaren kwari tana kiwonta. Wata tsohuwa na zaune kan dutse, ta duƙunƙune cikin ruana, bargon ulun da muke zura kai a tsakiyarsa.

"Iya, saniyarki ce?" Insifekta ya tambaya.

"Tawa ce, sumercé."

Mu a nan da sumercé muke girmama kowa, daga limamin coci har wanda ya zo kama mu. Haka kuma mukan sa Don a gaban sunan namiji, Doña a gaban na mace.

"Sunanki?"

"Tránsito Pirabán."

"Ke kika kafa turken a can?"

"To wa zai kafa in ba ni ba? Kwanakin nan kaina ba daidai yake ba. Shekaranjiya gishiri na zuba a kofi. Ni na kashe bawan Allahn nan. Ku tafi da ni, amma don Allah a samu mai tatsar saniyar."

Kofur Pulido ya riga ya fito da ankwa. Sakaci da ya jawo kisa ba ƙaramin laifi ba ne, kuma mace mai shekarunta in ta shiga gidan yari da wuya ta sake ganin gonarta.

"Mayar da abin nan aljihu," in ji Insifekta. "Ina za ta gudu?"

Ya sauka wajen saniyar. A gonar ubansa ya girma, ya san saniyar turke da'ira take ci, turken na tsakiya. Ga da'irar nan a fili, an cinye rabinta. A tsakiyarta kuwa sai rami, sabo, babu komai a ciki. Ya haura ya duba inda turken yake yanzu. Ciyawar wurin tsaye take da raɓarta, ko baki ba a sa mata ba.

Ya koma wajen mota. Doña Tránsito ta ƙi shiga mota, ta ce ba za ta bar dabbarta a daji ba. Haka ta bi su a ƙafa har gari tana jan saniyar, leɓunanta na motsi.

A tsakar caji ofis aka jingina keken mamacin. Insifekta ya tsuguna ya daɗe yana kallonsa, ya juya feda da hannu. Don Belisario na zaune kan benci, an ba shi kofi bai sha ba.

"Don Belisario, ka ce gangarowa yake?"

"Gangarowa."

"Ga sarƙarsa kan babban haƙorin baya. Wannan giyar hawan tudu ce. Ko ɗan makaranta ba ya gangara da ita."

"Ta yi tsalle da ya faɗi mana."

"Yana yiwuwa," in ji Insifekta cikin sanyin murya. "Kun tsaya a Alto?"

"Ba mu tsaya ba. Juyowa kawai muka yi."

Insifekta ya ɗaga waya ya kira asibitin gari, inda aka kai gawar. Ya tambayi malamar jinya abin da ta tarar a ƙarƙashin rigar mamacin.

"Ƙaramin hoton Budurwa Maryamu a zare," ta ce. "Shi ke nan."

"Ba jarida?"

"Ko ƙyalle."

Duk wanda ya taɓa hawa keke a ƙasarmu ya san abin da ke nan. Hawa na jiƙa mutum da gumi, gangara kuma iskar Alto na shiga ƙirji kamar wuƙa. Shi ya sa ba mai juyowa sai ya cusa tsohuwar jarida tsakanin riga da fata. Yaro zai iya mantawa. Mutumin da ya tsufa a kan sirdi ba zai manta ba.

Kofur ya ɗauko makullin mota, Insifekta ya girgiza kai. Nasa keken ya fitar.

Ya hau shi kaɗai. Bayan kwanar da aka tsinci gawar, bishiyoyi suka ƙare, sai ciyayin tsauni masu farin gashi tsaye cikin gajimare kamar taron tsofaffi da suka zo zaman makoki. Ba ya jin komai sai numfashinsa. Can ya hango hayaƙi, ya shaƙi ƙamshin mazarƙwaila.

Doña Leonilde, mai rumfar sayar da abin sha a ƙololuwar Alto, ta fito tana goge hannu.

"A'a! Hukuma da kanta a kan keke? Man fetur ya ƙare wa gwamnati ne?"

"Tumbina likita ya ce in rage, Doña Leonilde."

"Ashe akwai sauran hawa a gabanka. Zauna."

Ta miƙo masa ruwan mazarƙwaila mai zafi da yankan cuku a ciki. Ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Masu keke nawa suka iso yau da safe?"

"Ɗaya tal."

"Ba biyu ba?"

"Sumercé, idona bai mutu ba tukuna. Wani dattijo ne mai shuɗiyar riga. Abin ma dariya. Ya ɓullo daga cikin gajimare ya saki kan keke, ya ɗaga hannu biyu sama kamar wanda ya ci gasar ƙasa. Ba kowa a wurin fa, daga ni sai kare."

"Ya yi magana?"

"Na ce, 'Barka, zakara, ina sauran?' Ya ce, 'Suna baya.' Ya karɓi jarida ya cusa a ƙirji ya juya. Ko ruwan zafi bai sha ba. Na ɗauka iska ce ta sa idonsa ruwa."

La'asar ta yi lokacin da Insifekta ya dawo. Rana ta ɗan leƙo ta zuba haske kan fararen bangayen gari. Doña Tránsito na durƙushe a kusurwar tsakar ofis da carbinta. Don Belisario na nan kan benci cikin shuɗiyar rigarsa.

"Buɗe zif ɗin rigarka, Don Belisario."

Dattijon ya dube shi, ya sa hannu ya ja. Jaridar ta manne da fatarsa, tawada ta ɓata masa ƙirji.

"Ka ce ba ku tsaya a Alto ba," in ji Insifekta. "Kai ka je. Shi bai kai ba. A kan hawa ya mutu, kuma mai hawa ko igiya goma ya ci karo da su, ƙafa kawai zai sa ƙasa. Turken ma ba Iya ce ta matsar da shi ba. Me ya faru a kwanar nan?"

Don Belisario ya kau da kai. Da ya buɗe baki, ba Insifekta yake kallo ba, dutsen yake kallo.

"Tun muna samari ni ne mai ɗauko masa ruwa. Ni nake tare masa iska, in an kusa ƙarshe in kauce ya wuce, a ɗauke shi hoto. Ban taɓa ƙorafi ba. Bana na yi shiri a ɓoye. Na ce sau ɗaya dai, kafin in mutu, in riga shi kaiwa saman wani dutse."

"Sai me?"

"Na wuce shi. Wallahi na wuce shi. Ina jin zuciyata kamar za ta fito. A kwanar nan ƙafata ta fara mutuwa, sai na ji hannu a bayana. Ya kamo ni, ko haki ba ya yi, yana tura ni sama. Yana dariya yana cewa, 'Haura, Beli, yau ranarka ce, na bar maka.'"

Ya juyo ya dubi Insifekta.

"Na bar maka! Gara ya wuce ni. Na buge hannun, na ture shi da kafaɗa. Ban san bakin hanya ya matso haka ba. Na sauka na taɓa shi, ya riga ya tafi."

"Maimakon ka gangaro neman taimako, sai ka ƙarasa hawan."

"Saura kaɗan ne," ya ce a hankali. "Saura kaɗan ne, Yallaɓai."

Abin takaicin shi ne duk mazan da ke tsakar ofis ɗin sun gane abin da yake nufi, har Kofur Pulido.

"Turken fa?"

"Da na dawo na ga saniyar. Na tumɓuke shi na kai wancan gefen. Na zaci za a ce tsautsayi ne. Ban yi tunanin saniya na da mai ita ba."

Kofur ya sa masa ankwa. Insifekta ya ƙarasa kusurwa ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Iya, tashi ki tafi gida. Daidai kika ɗaure saniyarki. Ba ke ba ce."

Ta daɗe tana kallonsa kafin maganar ta shige ta. Ta dafa bango ta miƙe, ta tare hanyar da za a wuce da Don Belisario.

"Ni na rufe masa ido," ta ce. "Tun safe nake gaya masa ni ce, ina roƙo ya yafe mini. Kana zaune a can kana jina."

Don Belisario ya sunkuyar da kai. Kofur ya ja shi suka shige ciki, ƙofar ƙarfe ta rufe.

Doña Tránsito ta je kwance igiyar saniyarta, amma yatsunta suka ƙi. Ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, ita da ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba duk yinin da ta yi tana ganin ita ce ta yi kisan.