Haƙori Ba Shi da Lamba

Ƙarfe biyu da rabi na rana aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa an yi sata a wani ƙaramin asibitin haƙori. Da Sufeto ya tambayi abin da aka ɗauka, da ƙyar Kofur ya danne dariya.

"Haƙoran roba, yallaɓai. Na sama da na ƙasa."

Sufeto bai ga abin dariya ba. Shekara shida ke nan da sitiyarin mota ya zubar masa da haƙoran gaba guda huɗu, kuma duk ofishin babu wanda ya san da na roba yake murmushi. Ya ɗauki hularsa ya ce su tafi.

Mai haɗa haƙoran siririn mutum ne mai saurin hawa. Kowa Likita yake ce masa ko da yake ba likita ba ne, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Ɗakin aikinsa ya yi furu-furu da farar ƙura, ga zubin bakunan mutane jere a kan kanta, kowanne da 'yar takardarsa.

"Na wa aka ɗauka?" in ji Sufeto.

"Na wata tsohuwar malamar makaranta. Mako uku ina fama da su. Na fita cin abinci ƙarfe ɗaya, na dawo na tarar da kwali wayam."

"Wa kake zargi?"

"Mai shara mana! Bayan ni, ita kaɗai ke da makulli. Ku tafi da ita, aikinta kuwa yau ya ƙare."

Sufeto ya duba gefen kwalin. Wani ɗan abu na ƙyalli a cikin faranti.

"Wannan fa?"

"Murfin haƙori ne na zinariya."

"Ɓarawo ya tsallake zinariya ya ɗauki roba?" Sufeto ya kaɗa kai. "Wanda ya shigo nan ba kasuwa zai kai su ba. Baki zai kai su."

Mai sharar tana zaune a benci. Inna ake ce mata, kuma da tsintsiyar nan take riƙe da marayu uku na ƙanwarta. Tausayinta ya kama Sufeto tun kafin ta yi magana, sannan ya lura haƙoranta cif suke, babu giɓi ko ɗaya.

"Inna, kin shiga ɗakin Likita da rana?"

"Wallahi ban shiga ba, ranka ya daɗe."

"Ina kike ajiye makulli?"

"A ƙusa, bayan ƙofar sito."

Sufeto ya sunkuya kan abin kwashe shararta. A cikin tarkacen akwai wani gari ja-ja mai laushi. Ya murza shi a yatsa. Ya san shi sarai, garin robar dasashi ne, irin wanda ke zuba idan ana goge haƙoran roba.

"Ina kika sharo wannan?"

"Ɗakin Likita."

"Yanzu kika rantse ba ki shiga ba."

Sai hawaye suka zubo mata. Inna ba ta iya ƙarya ba, ko kaɗan. Da gani wani take rufa wa asiri, ko da za ta rasa aikin da take ci da shi.

Sufeto ya bi sawun tsintsiya har bakin ƙofar shiga. Duk farfajiyar ganye ne birjik, amma ƙarƙashin bencin maigadi an share shi tas. Ga wani ƙaramin magagari na gyaran ƙarfe an tura bayan tukunyar fure, haƙoransa cike da jan gari.

Maigadin dattijo ne, sanye da takunkumi irin na asibiti. Baba Shiru suke ce masa, don da kai yake amsa gaisuwa. A gefensa ga burodi jiƙe cikin kofin shayi, ya huce ba a taɓa ba.

"Baba, ka ga wani ya shiga da rana?"

Ya girgiza kai.

"Da baki nake so ka amsa. Yaushe ka kama aiki yau?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Da sassafe."

Kalmar ta fito da wani siririn fito, wani abu kuma ya yi ƙwas a bayan takunkumin. Zuciyar Sufeto ta karye. Shi ma haka ya yi mako biyu yana gudun wannan kalma lokacin da aka sa masa nasa. Kuma ga ɗigon jini ya ratso farin ƙyallen.

"Magagarin nan naka ne?"

"Ban san shi ba."

Sufeto ya juya ya ɗaga murya. "Kofur, kawo Inna, sa ta a mota."

Ko taku uku ba a yi da ita ba Baba ya miƙe zumbur.

"Ku sake ta! Ba ruwanta, ni na ɗauki makulli a ƙusa. Ta same ni ina gogawa ne, ta share garin don kada a gani."

Ya sauke takunkumin, ya sa yatsu biyu ya zaro haƙoran yana runtse ido. Dasashinsa duk ya yayyage.

"Me ya kai ka, Baba?"

"Jikata, ranka ya daɗe. Shekararta huɗu. In na yi mata dariya sai ta ruga bayan uwarta, wai bakin Kaka rami ne. An yi wa ubanta canjin wurin aiki, jibi za su tashi, kuma da nisa. So nake ta gan ni ina dariya ko sau ɗaya." Ya share baki. "Shekara tara ina nan, ina ganin mutane su shiga da hannu a baki su fito suna washewa. Na zaci kamar takalmi ne, kowa da lambarsa. Da na ga malamar nan tsayinmu ɗaya, sai na ce nata za su yi mini. Da suka ƙi zama, na ce bari in rage su."

Kofur da ya zo da dariya a ciki ya rasa inda zai sa idonsa.

Sufeto ya sa babban yatsa ya ciro nasa guda huɗun, ya nuna wa dattijon a tafin hannu. Kofur ya saki baki.

"Haƙori ba shi da lamba, Baba. Kowane baki da zubinsa. Nawa ba za su yi wa ko ɗan'uwana ba." Ya mai da su, ya gyara murya. "Amma ka ɗauki kayan wani ka lalata, dole ka bi mu ka ba da bayani."

Likita ya karɓi haƙoran yana jujjuyawa. Aikin mako uku ya tafi a banza, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya faɗa kan dasashin Baba.

"Shekara tara kana buɗe mini ƙofa," ya ce a hankali, "ni mai haɗa haƙori, ban taɓa ganin bakinka ba." Ya ajiye haƙoran. "In ka warke zan auna ka. Amma ba za su yiwu kafin jibi ba, Baba."

"Na sani," in ji dattijon.

Likita ya juya wajen Inna, yana ta sosa ƙeya. "Ki yafe ni. Gobe ki zo aikinki."

Ba a sa wa Baba ankwa ba. Ya shiga bayan mota ya zauna, takunkuminsa a hannu. Sai da suka isa ƙofa aka tuna babu mai buɗewa.

"Ranka ya daɗe, ka ba ni izini," ya ce.

Ya sauka ya ja ƙofar gefe kamar kullum, ya jira motar ta fita, sannan ya dawo ya zauna a inda aka ajiye shi. Inna ce ta rufe a bayansu tana kuka.